Hujin da ke salansar Lorna

Litinin, 2 ga Oktoba
Likita ya sa rana: 26 ga wata. Za su cire ƙarin da ke bayan kunnena na dama, jin kunnen kuma zai tafi tare da shi. Na hagu ya mutu tuntuni, shekara arba'in ina dukan ƙarfe a gareji ban taɓa toshe shi ba, wai ni jarumi. Na tambayi likitan ko da wata dabara. Ina zaune a gabansa ya ɗauki takarda ya rubuta mini amsar, sai na daina tambaya.

Kwana ashirin da huɗu suka rage. Abu ɗaya nake so kafin nan: in ji Chevelle, motar matata Lorna, tana ƙara yadda take yi in ta shigo layinmu. Shekara shida ke nan motar na ƙarƙashin tamfol, tun ranar da muka binne mai ita.

Alhamis, 5 ga Oktoba
'Yata Tonya ta zo daga Dayton da sabon batir. Injin ya tashi a karo na uku, amma tsatsa ta cinye salansa. Sai an sake bututun biyu duka, da mahaɗar da ke haɗa su a tsakiya.

Nan muka fara gardama. Ita tana son mai siffar X, wai hayaƙi ya fi wucewa, mota ta fi ja. Yarinyar nan tun da ta fara tseren mota ba a iya mata. Na ce X ihu take yi kamar tsagewar zane, ni H na sa wa uwarta a 1978, mai gurnani daga ƙasa, H kuma zan mayar. Ta ce, "Baba, ka taɓa gwada X ɗin kuwa?" Na ce ban taɓa cin kare ba, amma na san ba na so. Abin da ban gaya mata ba: siririyar ƙara ta riga ta bar ni. Ko tsuntsu na daina ji tun bazara.

Asabar, 7 ga Oktoba
Duka biyun ta sayo. Taurin kai irin na uwarta.

Talata, 10 ga Oktoba
Na fesa farin fenti a jikin sabbin bututun, muka tayar da inji, muka jira. Inda fentin ya fara ƙonewa, nan mahaɗa za ta zauna. Haka aka koya mini ina ɗan shekara goma sha tara, haka na yi wa motoci ɗaruruwa. Maƙwabcina Clete ya leƙo da kofi a hannu yana cewa yanzu na'ura ke auna wannan. Na ce ya tafi ya auri na'urar. Ko ba komai wannan aikin da ido ake yi.

Lahadi, 15 ga Oktoba
Na gama waldar H. Ta yi kyau, ba yabon kai ba. Na sa Tonya ta zagaya ta shigo layin, ni kuma na zauna a baranda inda nake zama da, na juya kunnen dama.

Ba ita ba ce.

Gurnanin yana nan, ina jin sa har a kujera, amma motar wani ce. Sau huɗu na sa ta zagaya. A na huɗun na shige ɗaki na rufe ƙofa. Ina jin tsoro. Ban taɓa rubuta wannan ba a rayuwata, to ga shi.

Laraba, 18 ga Oktoba
Kwana uku ban shiga gareji ba. Na ce ma ko a sa X ɗin, me ya rage. Ko dai kunnen ne ya riga ya gama, ko kuma ni ne na ƙirƙiro ƙarar a kaina don kewa.

Alhamis, 19 ga Oktoba
Da yamma Tonya ta jawo tsohuwar mahaɗar daga tarin ƙarafa a bayan gida, ta ajiye mini ita a kan teburin cin abinci, da tsatsa da komai. Ta nuna wani baƙin zane na hayaƙi a gefen waldar. Huji ne, bai kai kan allura biyu ba. Waldata ce, ta ɗan shekara ashirin da uku mai rawar kai.

Ta matso kusa da kunnena ta ce, "Wannan ne babu. Tik-tik ɗin. Tun daga ƙofar makaranta nake gane Mama da shi."

Na ce ai wannan ƙarar bawul ɗin inji ce. Abin da na gaya wa Lorna ke nan a makon da na yi aikin, don kada ta ce saurayinta bai iya walda ba, na kuma yi ta maimaitawa har ni kaina na yarda. Tonya ta yi dariya har da hawaye. Wai tun kafin a haife ta uwarta ta kai motar wani gareji a ɓoye, aka nuna mata hujin, ta ce a bar shi. Ta hana Tonya faɗa mini. Wai in na sani zan gyara, ita kuma tana son sa.

Shekara talatin da tara matar nan tana kallona ina cewa bawul.

Asabar, 21 ga Oktoba
Na yi ƙoƙarin yin mummunar walda da gangan, hannun ya ƙi. Sau uku, duk tana fita sumul. Daga ƙarshe na ɗauki mafi siririn ƙarfen huji na huda aikina da kaina. Clete ya gani ya juya ya koma gida. Na gode masa.

Tonya ta zagaya ta shigo layi. Na rufe ido, na riƙe numfashi.

Gurnani kawai. Tik-tik siririyar ƙara ce, ya kamata in san haka tun kafin in taɓa ƙarfen. Da ta fito fuskarta duk ta jiƙe. Na ce, "Yana nan?" Ta gyaɗa kai. Na ce to madalla, na ji shi. Ta san ƙarya nake.

Laraba, 25 ga Oktoba
Gobe ƙarfe shida na safe. Na bar famfon kicin a buɗe na ɗan lokaci ina saurare. Ban tayar da motar ba.

Lahadi, 19 ga Nuwamba
Shiru. Ba irin wanda na zata ba, amma shiru. Yanzu da ƙaramin allo ake mini magana, rubutun Clete kuwa ko kaza ta fi shi.

Tonya za ta tafi da motar Dayton bayan hutun ƙarshen wata. Sanyi ya shigo, gilashi a rufe za ta tuƙa, awa biyu da rabi, hayaƙi na zuba daga hujin a ƙarƙashin kujerarta. Lorna ko da dusar ƙanƙara taga a buɗe take tafiya, sai yanzu na gane dalili.

Jiya na buɗe ƙofar gareji, na ɗaga motar, na tayar da ita tana sanyi, na shiga ƙasa na kai yatsa kusa da hujin. Iska mai ɗumi na bugun fatata, ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko sau ɗaya. Na daɗe a haka, har ƙarfen ya yi zafi ya kore ni. Da ya huce na toshe hujin. Minti ɗaya bai kai ba.

X ɗin na nan cikin kwalinta. Na rubuta sunan Tonya a kai, ba wai don na yarda ta fi ba.

Yau ta tayar da motar, ta tsaya ta karkata kai, ta dube ni. Ta ɗauki allo ta rubuta: ina tik-tik ɗin?

Na ce bawul ne ya gyaru da kansa.