Rediyo Ta Yi Shiru

Litinin, 3 ga Maris
Likita ya nuna mana hoton kan Rediyo. Matata ke nan. Ni na laƙaba mata sunan, don bakinta ba ya hutawa. Ƙari ne ya fito a jijiyar kunnenta na dama. Na hagun tun tana yarinya ƙyanda ta kashe shi. Ya ce za su cire ƙarin, in jijiyar ta tsira su dasa mata na'urar ji a aiki guda. In ba ta tsira ba fa? Na buɗe baki, in'ina ta shaƙe ni. Ita ta tambaya. Ya ce, "Sai mun shiga za mu sani."

Alhamis, 6 ga Maris
Tun da na aure ta ita ce bakina. Ita ke ɗaukar waya a shagona na gyaran firji, ita ke ciniki, ita ke ba da haƙuri. Yau ta ce, "Maigida, in na kurumce ai mun cika gida: ga mai in'ina, ga kurma." Ta yi ta dariya. Ni na kasa.

Talata, 11 ga Maris
Yau aka yi mata aikin. Wuni na yi kan benci ina sauraron wani firjin ruwa da ke baranda, injinsa na kakari. Wannan dai na san maganinsa.

Laraba, 12 ga Maris
Jijiyar ta tsira, an dasa. Ba za a kunna ba sai ɗinki ya warke. Ta farka, ta ga leɓena na motsi, ta juya fuska bango.

Laraba, 19 ga Maris
Mun dawo gida. Ta gaida maƙwabciya da ƙarfi har matar ta zabura. Tun daga nan Rediyo ta rufe baki.
Waya ta yi ta ruri a shago. Ina kallonta har ta gaji.

Alhamis, 10 ga Afrilu
An kunna na'urar. Mai gwajin ji ta tafa hannu, Rediyo ta ce tsuwwar ɓera take ji. Na kira sunanta, da ƙyar ya fito, ta waiga tana neman ƙofar da aka buɗe. Mai gwajin ta ce wai ƙwaƙwalwa sai ta koya. Wai a samu muryar da ta saba da ita, a riƙa yi mata hira kullum, a hankali. Matar ta kalle ni. Ni fa!

Laraba, 16 ga Afrilu
Na kira ƙanwarta ta zo ta yi mata hirar. Sauri gare ta, suka yi faɗa, ta tafi. Na gwada. "Co-co-co…" Cokali ya ƙi fita. Rediyo ta cire abin daga bayan kunne ta ajiye kan tebur. Ban san wanda ya fi ban tausayi ba a cikinmu.

Lahadi, 4 ga Mayu
Ba wani ci gaba. Na ce "taga", ta ce "tasa". Na gaji da jera kalmomi, na shiga ba ta labarin wani mai kifi da ya kawo firji da kifin a ciki. Daga nan na wuce kan yayana, da ranar da na fara ganinta. Can ta dafa gwiwata ta ce, "Maigida, ko rabi ban kama ba. Amma don Allah tsaya in sha shayina."
Na taɓa kofin. Ya huce tuni. Ashe na daɗe ina zuba.