Motar Baba a Mashekari

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa irin ta ɗa da mahaifi, ina roƙon Allah ya yalwata maka makwanci, ya sa haske a cikinsa. Na san babu motar da za ta kai wannan takarda inda kake, kuma ba za ka karanta ta ba. Ko kana nan ma, dariya za ka yi, ka ce rubutuna ya fi hanyar Tsaskiya gargada da damina. Amma labarin ya cika mani ciki, kuma duk wanda na ba shi sai in ji ba shi nake nufi ba. Kai nake so ka ji.

Baba, motarka ta yi tafiya.

Kada ka ce na gyara injin. Injin yana nan yadda ka bar shi a bugge, Ado bakanike ya ce ko a mafarki ba zai tashi ba. Amma Tsohuwa, kamar yadda kake kiran bas ɗin nan, ta bar ƙofar gidanmu, yanzu haka tana tsakiyar gonarmu ta bayan Karare, kuma a cikinta nake zaune ina rubuta maka wannan, na ɗora takardar a kan gwiwa.

Bari in faro maka daga inda ya kamata. Gida lafiya lau. Gero ya yi kyau bana, gyaɗa ce dai ba ta cika ba. Matata Saratu tana gaishe ka. 'Yarmu da ba ka gani ba, wadda muka sa wa sunan Inna muke kiranta Ummi, ta iya gudu, kuma goshinka ta ɗauko sak. Abokanka na tasha har yanzu in sun gan ni sai su ce yaron Direba, ko da yake na fara gemu.

Inna ce ba lafiya ba. Ba ciwo ba ne, mun kai ta asibiti a Batsari, an duba an ce babu komai, abinci kawai take buƙata. Ta gama takaba tun tuni, amma kamar ba ta fita ba. Tana ɗaki. In an kai mata tuwo sai ta gutsuri gefe ta rufe. Munduwar nan da ka sayo mata, wadda a da sai da sabulu take fita, na ga ranar da ta ɗaga hannu tana addu'a ta zame har gwiwar hannu. Tun ranar na fara tsoron kada mu wayi gari mun rasa ku duka biyu. Kuma ko kallon motarka ba ta yi. In dole ta fita, sai ta juya fuska wajen katanga har ta wuce. Masu sayen tsofaffin ƙarafa sun zo neman motar, ta aiko daga ɗaki cewa ba ta sayarwa ba ce. Ba za ta kalla ba, ba za ta saki ba.

Da aka gama girbi, ƙanenta Kawu Buba ya zo gaisuwa da ƙwaryar kindirmo. Ka san shekarun baya babu mai kwana a gona saboda rashin tsaro. Bana Allah ya kawo sauƙi a ɓangarenmu, shi ne ya zo mu yi maganar ya sauka da shanunsa a gonarmu kamar yadda kuke yi da shi da, su ci kara su bar mana taki. Na kai wa Inna ƙwaryar. Ba ta sha ba. Amma na tsaya a bakin ƙofa na ga ta buɗe faifan, ta sunkuya ta shaƙi ƙamshin, ta daɗe a haka idonta a rufe.

Nan na tuna maganarka. Ka tuna? Kullum in mun dawo daga lodi a gajiye sai ka ce mata ranar da ka ajiye tuƙi za ka cire kujerun Tsohuwa, ka shimfiɗa katifa, ka kai ta wurin shanun gidansu ta sha nono mai ɗumi har ta ce ya isa. Ita kuma ta ce tun tana amarya take jin wannan alkawari. Kuna dariya ku duka. Ni ina cin tuwo ina jin ku.

Sai na kwance kujerun baya. Na wanke ciki, na toshe hujin rufin da kwalta, na shimfiɗa tabarma da katifa, na ɗaura gidan sauro. Saratu ta yi wa tagogi labule da tsohon zane. Ado ya yi wa tayoyin faci, ya jona ɗan batirin sola da hon, wai don mota ba ta cika mota ba in ba ta da murya. Kujerarka kaɗai ban taɓa ba. A ƙarƙashinta na tarar da kazar Inna mai wake-wake ta ƙyanƙyashe, na ce to ku ma fasinja ne.

Da na je wa Inna da maganar, ban ambaci lafiyarta ba. Na ce za mu je mu zauna a gona tare da su Kawu don in ga yadda takin ke zama, kuma Ummi ba ta barci sai a jikinta, wanda gaskiya ne. Daga baya ta ce in dai ta ƙofar baya za ta shiga, kuma a sa labule tsakaninta da gaban motar.

Da ka ga fitarmu daga gari, Baba! Na ɗaura wa bijiman huɗarmu karkiya, na ja sarƙa zuwa gaban motar, Ado ya saka ta furi, wato ya cire giya, ya riƙe sitiyari, ni ina gaba da igiya. Duk unguwa ta fito. Wani daga masu shayi ya ɗaga murya yana tambaya ko akwai wurin mutum ɗaya zuwa Katsina. Liman ya ce bai taɓa ganin motar da ke shan dusa maimakon fetur ba sai yau. Mai jaki ya wuce mu a hanya, har ya waiwayo ya yi mana sannu. Kai da ba ka yarda ko babbar mota ta wuce ka, me za ka ce?

Mashekarin Kawu, wato inda ya sauka da shanunsa, wuri ne da ko kai mai son hayaniyar tasha sai ka so shi. Ya kafa bukkokinsa kusa da gawon nan na gabas, shi da iyalinsa da na ɗansa. Yana da dokoki kamar mai unguwa: ba a shiga da babur cikin shanu, ba a ƙure rediyo, ba a zagi a gaban yara. Da safe ba ka jin komai sai nono yana zuba a ƙwarya, da kukan maruƙa a dangwali, wato igiyar da ake jera su a ɗaure. Balbelu na bin shanu kamar an ɗauke su aiki. Kiran salla na zuwa mana daga Karare siriri, ba ka rasa shi kuma ba ya firgita ka. Ummi ta shiga cikin jikokin Kawu, yini ɗaya ta koyo kiran saniya da Fillanci. Mun ajiye Tsohuwa a inuwar gawo, na sa mata weji a bayan taya kamar yadda ka koya mani, ko da yake babu inda za ta gangara.

Da farko Inna ba ta fito ba. Ƙofa a rufe. Sannan na ga an zuge ta kaɗan, daidai faɗin ido. Ban matsa mata ba. Wata safiya muna jin ɗumi a bakin wutar kara, sai muka ji muryarta daga cikin mota, da Fillanci, tana cewa wanda ya ɗaure jan maraƙin can so yake ya shaƙe shi. Kawu ya kalle ni, na kalle shi, kowa ya mai da kai ƙasa. Amma abinci dai jiya-i-yau. Fura ta kurɓa sau ɗaya ta ture.

Ka san al'adar mashekari, ba a barin shanu su daɗe a wuri ɗaya. In taki ya zauna a nan sai a matsa gaba, don gonar ta samu ko'ina. Ranar matsawa ta zo, aka tuge turaku, aka mai da dangwali yamma, mata suka kwashe ƙore. Saura mota. Ado ya koma gari. Ni dole in ja bijimai, don ba sa bin kowa sai ni. Saratu ta ce ita ko keke ba ta taɓa riƙewa ba, ta gudu bayan mota ta ce turi za ta yi. Kawu ya ce shi sandarsa ce sitiyarinsa. Ga kuma suri a tsakanin nan da can, dole a kauce mashi.

Ba zan ɓoye maka ba, da na so da na aika a kira Ado, ga babura na wucewa. Ban aika ba. Na tsaya ina gyara karkiyar da ba ta lalace ba.

Kawu ne ya ƙarasa aikin. Ya je jikin taga ya ce da yayarsa, da ƙarfi yadda kowa zai ji, wai ita ce tana budurwa take kama bijimi ta ƙaho ta durƙusar da shi, samari na kallo, yau ga ƙaho ɗaya tal, na ƙarfe, a lanƙwashe, ba ya ko tunkuyi, ta ɓuya a bayan labule. Ya ce zaman gari ya mai da ita kazar Hausawa. Sannan ta ce mashi, shi da ta goya yana mata fitsari a baya, yau shi ne mai baki?

Labulen ya motsa, Baba. Ta fito ta ƙofar baya, ta zagayo a hankali tana dafa jikin motar, ta buɗe ƙofarka. Ta tsaya tana kallon kujerar. Ramin da zamanka ya yi yana nan. Ta yi bisimilla ta hau. Ka san fatar da ka naɗe sitiyarin da ita, wurare biyun nan da hannunka ya cinye har suka yi sulɓi? Ban nuna mata ba. Nan ta ɗora hannuwanta.

Na cire weji, na yi wa bijimai magana, muka motsa. Na ce mata ta karya dama kaɗan saboda surin. Ta karya, ba kaɗan ba. Muka kauce wa suri lafiya, muka nufi tsohuwar bukkar Kawu da ba a gama kwancewa ba. Ina cewa hagu, Saratu na ihu a baya, yara na tsalle, Kawu na gudu yana ɗaga sanda kamar motar za ta ji tsoronsa. Gefen motar ya kwashi bukkar ta kwanta gaba ɗaya. Inna ta nemi abin dafawa ta danne hon. Duk shanun mashekari suka ɗaga kai a tare, balbelu suka tashi, kaza ta fito ta taga.

Sai muka ji dariyar Inna. Na ma manta yadda take. Irin wadda take yi har ta riƙe ciki tana cewa wayyo Allah. Ta leƙo ta ce wa Kawu ga kazar Hausawa ta rushe mashi gida, ya kai ƙara inda zai kai. Ta yi ta yi har hawaye suka zo, daga nan kuma ba na dariya ba ne. Ta kifa goshi a kan sitiyarin. Na tsai da bijimai. Babu wanda ya je kusa, babu wanda ya ce ta yi haƙuri. Da ta gama ta share fuska da gefen mayafi, ta ce mani me nake jira, ko nan direba zai kwana?

Da muka isa, ba ta koma bayan labule ba. Ta zauna a kujerarka ƙofa a buɗe, ƙafa a waje, ta ce a dama mata fura, kuma kada a cika ruwa. Ta shanye, ta miƙa ƙwarya a ƙara.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Lokacin da nake yaron motarka, duk sanda muka haɗu da garke a hanya sai ka rage gudu, ka ce kana tausayin taya. Na san ba taya ba ce. Kallon shanun kake don ka je gida ka ba Inna labarin na wa ne, ina suka nufa, sun yi ƙiba ko sun rame. Na gane tun ina ƙarami, na bar ka da tayarka. Kuma ban taɓa son tuƙi ba, Baba, tafiyar shanu ta fi dacewa da ni. Zama kusa da kai nake so, shi ya sa nake riga ka tashi in wanke gilashi. Ina jin ka sani. Ko ba ka sani ba?

Yanzu Inna ce ke tashin mu da asuba. Ta karɓi tatsar wata saniya mai karyayyen ƙaho da ba ta yarda da kowa. Munduwar ba ta koma wurinta ba tukuna, amma ta daina kaiwa gwiwar hannu. Jiya na ce mata ko mu fara shirin komawa gida, ta ce wane gida, alhali kusurwar arewa ba ta ga taki ba? Gobe za a sake matsawa. Kawu ya riga ya kwashe bukkarsa tun yau.

Ka yafe mana an zauna a kujerarka, na san ba ka ba kowa. Alkawarinka ya cika, sai dai fasinjar taka ce ta tuƙa.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. Na bar ka nan, ana kirana in zo in riƙe maraƙi.

Ɗanka, yaron motarka har yanzu,
Nasiru