Kujerar Ummi

Salamu alaikum Yaya Sani,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya sanyin can, ya Anti Bilki da yara? Ya ƙarin haƙurin rasuwar 'yarmu Ummi? Mu dai gamu nan.

Kujerun yara huɗu daka aiko na sawa a mota sun iso, sai dai mai ta huɗun, Ummi, bata jira ba. Jiya mukaje Mai'adua neman mota mai layin kujeru uku. Kasan ni, duk ƙasar Daura ba dillalin da baya gumi in ya hango ni. Na shuri taya, nace injin nan tari yake kamar kakata. Wata mota ta ɗauki kujerun yara uku cif, nace shikenan. Maman Ummi tace a'a. Ashe ta sako ta huɗun a but ban sani ba. Tabi motoci tana gwadawa har ta samu inda kujerar ta zauna, ta ja bel ta ɗaure.

Dillali na dariya yace, "Hajiya, ina mai kujerar?"

Yaya, ko tayawa banyi ba, na biya. Har gida hannunta na kan kujerar.

A sa mu a addu'a, musamman ita. Ka gaida kowa.

Ƙaninka,
Bala Sarkin Ciniki