Takardar da ke ƙasan kwallarki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ɗa ke yi wa mahaifiya, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'imarsa a inda kike kwance.

Yau Jumma'a ce, muna tsakiyar marka, tun shekaranjiya ruwa bai ɗauke sosai ba a nan Kebbe. Jiki ga shi nan dai. Gwiwoyin sun kumbura, sallar asuba a zaune na yi ta, idon hagu kuwa ya kusa gama aikinsa. Na sha maganin hawan jini. Ban je masallaci ba, daga kan tabarma na saurari huɗuba ta lasifika. Na lissafa ɗazu, na ga yanzu na girmi shekarun da kika yi a duniya. Na tsaya in ji wani abu game da haka, ban ji komai ba.

Ina jiran baƙo bayan an sauko. Bello ne, ɗan gidan maƙera na Tambuwal, wanda muka yi makaranta tare. Na roƙi matar maƙwabcina ta dama fura, na shimfiɗa sabuwar tabarma a zaure, na kuma sauko da kwallarki daga kan kabad. Saboda kwallar nake rubuto miki.

Kin tuna shekarar da aka kai ni babbar firamare a Tambuwal, na zauna gidan Kawu? A makarantar, ƙarshen kowane zango hedimasta yakan tara mu a gindin darbejiya ya karanta sakamako daga na ɗaya har na ƙarshe. Yadda aka kira ku, haka za ku zauna a aji. Na ɗaya bakin ƙofa kusa da malam, na ƙarshe can jikin bango, inda bulala ta fi sauka. A zangon farko ni na zo na ɗaya, Bello na biyu. Aka ba ni rula ta katako. Na riƙe ta a hannu tun daga Tambuwal har gida, ban yarda na sa ta a jaka ba.

Ba ki yi guɗa ba. Kika karɓi rular, kika juya ta, kika tambayi abin da ake yi wa wanda ya zo na ɗaya. Na ce idan ya ɗore, ana ɗaukarsa zuwa Sakkwato, daga can kuma sai inda Allah ya yi. Kika zuba mini tuwo. Sai da na wanke hannu kika kama wuyan hannuna.

Ni ne ɗanki na fari, ni ne kuma kaɗai namiji. Saboda alkunya ba ki taɓa kiran sunana ba, ba ki taɓa yi mini wasa a gaban mutane ba. Ban san ɗumin tafin hannunki ba sai ran nan. Baba bai cika shekara da rasuwa ba, ga gona a hanyar Fakku, ga shanu bakwai, ga ƙannena mata uku. Kika ce, "Kak ka yi gaba, kak ka yi baya. Zamna tsaka. Na gaba su aka ɗauka, ba su dawowa."

Na zauna tsaka, Inna. Ba wanda ya san wahalar wannan aiki. Zuwa na ɗaya ya fi shi sauƙi. Sai ka san amsar duka, ka kuma san nawa sauran yara za su ci, sannan ka zaɓi waɗanda za ka ɓata, ɓatawa irin wadda malam ba zai yi zargi ba. Mu talatin ne a ajin. Shekara uku ban wuce na sha uku ba, ban sauka ƙasa da na sha bakwai ba. Malamin lissafi ya yi mini faɗa sau biyu, daga baya ya daina kallon inda nake. Yara suka sa mini Ɗan Tsakiya.

Ranar babbar jarrabawa aka ba mu lissafi biyar, da wata takarda ta gefe don gwaji. Na yi duka biyar ɗin a takardar gefe, na bi su sau biyu, babu kuskure. Sannan na kwafi biyu daidai a takardar amsa, uku na canza musu lamba. Ta gefen na ninke na sa a aljihu. Aka ɗauki mutum huɗu, Bello ne a gaba. Na raka shi tasha, ni na ɗora masa akwatinsa a mota.

Da na dawo gida na miƙa miki takardar. Ba ki iya boko ba, ba ki kuma tambaye ni abin da ke ciki ba. Na ɗauka kin hura wuta da ita. Sai bayan rasuwarki, da ƙannena ke raba kayanki, aka same ta a ƙasan kwalla, ƙarƙashin zannuwanki na fita, an naɗe ta da tsumma an ɗaure da zare kamar laya.

Sauran kin gani da idonki. Na shiga aikin allurar shanu. Shekara talatin da biyar ina bin rugage da ƙauyuka, Fakku, Jabo, har bakin daji, da keke, daga baya da babur. Sau biyu aka kira ni kwas a Kaduna, na ce jikinki ba daɗi, alhali lafiyarki ƙalau. Lokacin ba ke kika hana ni ba. Na riga na saba. Ko a taro, in aka nemi mai magana, sai in tarar na koma layi na uku ban san sanda na tashi ba.

Amma 'ya'yana ban bar su sun zauna tsaka ba. Kin tuna ranar da na daki Aminu saboda ya zo na huɗu? Kina bakin murhu, ba ki hana ni ba. Da na gama kika ce, ba tare da kin ɗago ba, "Da hannunka kaka korar su." Na ji haushinki ran nan, na ɗauka kina son ki yi musu abin da kika yi mini. Duka ukun suka yi gaba, aka ɗauke su. Aminu yana Abuja, Nasiru Legas, Hadiza tana ƙasar da sai an hau jirgi biyu. 'Ya'yan kirki ne, ba su rage ni da komai ba. Akwai sola a kan rufin nan, akwai magani. Suna kira kowane mako. Sun ce in koma wurinsu, na je na yi wata guda ina kallon bango. Da matata Rabi ta rasu, shekara huɗu ke nan, an rufe ta kafin ɗayansu ya iso.

Ke kuwa a kan ƙafata kanki yake lokacin da kika cika. Ni na ba ki ruwa na ƙarshe, ni na shiga kabari na karɓe ki. Uwar Bello, yana Turai aka binne ta, takarda aka rubuta masa. Na daɗe ina ɗora waɗannan biyun a ma'auni. Wata rana wannan ya rinjaya, wata rana wancan. Yanzu ma'aunin ya tsaya, ba don na gano amsa ba, na gaji da aunawa ne.

Watan jiya na haɗu da Bello a wata jana'iza a Jabo. Ya yi ritaya daga babban muƙami, ya gina gida mai bene a Tambuwal. Da sanda yake tafiya kamar ni. Ya daɗe yana kallona, sannan ya yi dariya ya ce, "Garba, Ɗan Tsakiya, ashe kana nan da ranka." Ya gaya wa mutanen da ke tare da shi cewa ni mutumin kirki ne, tun muna yara ba ni da damuwa, na sha biyar ma ya ishe ni. Suka yi murmushi, ni ma na yi. Ya manta da zangon farko, Inna, ya manta da rula. Na tambayi iyali, ya ce duk suna waje, shi da mai dafa masa abinci ne a gidan. Sai ya ce zai zo mini Kebbe ranar Jumma'a ta ƙarshen wannan watan, wato yau.

A ajin nan na mutum talatin, mu biyu muka rage. In ba shi ba, babu wanda zai kalli takardar nan ya san ta wace rana ce. Ba wani abu nake nema a wurinsa ba. So nake mutum ɗaya mai rai ya duba ya ce, ashe ka iya.

Ɗazu na kwance zaren, karo na farko tun rasuwarki. Da fensir na yi rubutun. Na fita da ita haske, na kusanto da ita ga idon dama. Ban ga komai ba sai layin ninki da ɗan duhu-duhu. Ban sani ba ko rubutun ne ya tafi, ko idona ne. Bello yana da tabarau, wataƙila shi ya gani.

Ban riƙe ki da komai ba, Inna. Mace ce ke mai shekara talatin da 'yan kai, da marayu huɗu, kika kama abin da hannunki ya kai. Abin da kawai nake son sani, da kika naɗe takardar kamar laya, kin san abin da ke ciki? Ina zaton kin sani.

Allah ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki, ya haɗa ki da Baba da Rabi a gidan aminci. In lokacina ya yi, Allah ya sa akwai wani a kusa.

Ɗanki da ba ki taɓa kiran sunansa ba,
Garba

An kira magariba, Bello bai zo ba. Hanyar Tambuwal ba ta da kyau in an yi ruwa irin wannan. Na aika wa maƙwabta da furar kafin ta yi tsami. Takardar na mayar da ita yadda kika naɗe ta, sai dai yatsuna sun kasa ƙulla zaren.