Gurasar da na Miƙa da Hannu Biyu

Zuwa ga:
Mai girma Gulchehra Saidmurodova,
Shugabar Sashen Walwalar Jama'a da Samar da Aikin Yi,
Gundumar Oltinbulok.

Daga:
Tursunboy Holmatov,
Gida mai lamba 17, Unguwar Tutzor.

12 ga Fabrairu, 2024

Game da: Sauke ni daga rukuni na biyu na naƙasassu, da cire sunana daga masu jiran sabuwar ƙafa, bisa hujjar hoto guda

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya ke da iyali da ma'aikatan ofishinki, ina neman izinin kawo kukana gabanki. Na san ba sai na tsaya dogon gabatar da kaina ba, domin kullum kika zo aiki ta ƙarƙashin fuskata kike wucewa. Ni ne mutumin da ke cikin babban hoton nan na ƙofar ofishinku, da hula da farar riga, ina miƙa miki gurasa biyu ina dariya. Amma tunda takarda ba ta gane fuska, sunana yana sama, shekarata hamsin da ɗaya, kuma na rasa ƙafata ta dama daga saman gwiwa a kakar auduga ta 2014, ranar da tarakta ta kife da ni a bakin magudanar ruwa. Tun daga lokacin nake rukuni na biyu. Duk shekara kwamitin likitoci yakan kira ni ya duba ko ƙafar ta sake tsirowa, ni kuma nakan je ba musu.

1. Ranar 27 ga Maris, 2023, kika zo unguwarmu da kanki, shugaban unguwa ya tara mu a gidan shan shayi. Kika ce zaman gida bai kamaci namiji mai hannu biyu ba, gwamnati tana so mu fito mu yi sana'a kamar kowa. Wallahi maganar ta shige ni, domin shekara tara ina zaune bakin ƙofa ina korar kaji daga shukar tumatir. Maƙwabcina Rahmatilla, wanda ke kan keken guragu, ya ja mini riga ya ce in yi hankali, a ƙasar nan naƙasasshen da aka gani yana gumi, gobe za a ce ya warke. Saboda haka na ɗaga hannu na tambaye ki a gaban jama'a ko aikin zai taɓa mini rukuni. Ban tambaya don kuɗin wata kaɗai ba. Da rukunin ne nake samun sabuwar ƙafar roba kyauta idan tsohuwar ta gaji, kuma tawa ta riga ta fara tsagewa a wajen ƙoƙon da dungulmina ke shiga. Ga amsarki kamar yadda kika faɗa, kuma akwai dattawa da suka ji: "Yaya Tursunboy, muddin ina kan kujerar nan babu mai taɓa maka rukuni. Ka je ka yi aikinka." Sannan kika gutsuri gurasar da ke gabanki kika ci. Ranki ya daɗe, ke 'yar ƙasar nan ce, kin san nauyin maganar da aka yi a kan gurasa, daidai take da rantsuwa.

2. Na fara aiki ranar 10 ga Afrilu a gidan gurasar Usta Mirjalol da ke bakin kasuwa, kuma ofishinki ne ya haɗa mu. Ina roƙon a lura da irin aikin, domin a nan ne aka zalunce ni. A zaune nake yinsa, a kan 'yar kujera. Ina mulmula ƙullu, in faɗaɗa shi, in buga masa zane a tsakiya, in barbaɗa riɗi, in tura wa mai gashi. Ban taɓa sunkuyar da kaina cikin tanderu ba ko sau ɗaya, domin wannan aikin mai ƙafa biyu ne. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin watannin nan. Ina dawowa gida da gari a gashin girata, matata Oysara tana tsokanata wai tsohon angonta ya koma ƙamshin riɗi. Har na je na yi wa Rahmatilla gori, na ce tsoro ne kawai yake hana shi cin abinci.

3. Ranar 14 ga Yuni kika kawo mana ziyara tare da mai ɗaukar hoto. Da kika shigo na miƙe tsaye da sandata, domin ba a tarbar baƙo a zaune, balle baƙuwar da ta fitar da ni daga gida. Usta ya zaɓo gurasa biyu masu zafi ya ce ni zan miƙa miki. To, da sanda a hammata hannu ɗaya ne ya rage mini, kuma mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, ba ta koya mini miƙa gurasa da hannu ɗaya ba. Na tsaya ina inda-inda. Ke ce kika karɓi sandar daga hannuna kika ba direbanki, kika ce ai hoton ma ya fi kyau haka. Usta Mirjalol, dattijo mai ciwon baya, ya durƙusa a bayana ya damƙe ɗamarata da hannu biyu don kada in faɗi, yana raɗa mini in yi sauri kafin mu zube mu duka cikin ƙullu. Dariyar da ake gani a hoton, dariyar wannan magana ce. Kin gan shi, har kin yi masa sannu. Amma a hoton da ya fito a jaridar gunduma, da wanda aka kafa a ƙofarku, babu Usta babu sanda. Akwai ni kaɗai a tsaye ƙyam, an rubuta a ƙasa: mai gashin gurasa da ya tsaya da ƙafafunsa.

4. Ranar 9 ga Nuwamba na je gaban kwamitin likitoci kamar kullum. Wannan karon ba su ma ce in kwance ƙafar ba. Shugaban kwamitin ya ɗago jaridar ya tambaye ni ko ni ne, na ce ni ne, har da 'yar alfahari, Allah ya yafe mini wautata. Ya ce wanda ke tsayuwa a bakin tanderu ba sanda, yana ɗauke da kaya hannu biyu, ba ɗan rukuni na biyu ba ne. Na yi masa bayanin ɗamara da Usta. Ya ce su abin da ido ya gani suke rubutawa, kuma ofishinki ne ya aiko musu da hoton cikin rahoton nasarorin shekara. Aka mayar da ni rukuni na uku. Kuɗin wata ya ragu, wannan da sauƙi, ina da albashi a lokacin. Abin da ya karya ni shi ne sunana ya fita daga layin masu karɓar sabuwar ƙafa, alhali saura wata biyu layin ya zo kaina.

5. Tsohuwar ƙafar ta ƙarasa tsagewa a watan Disamba. Na ɗaure ta da waya da tsumma na ci gaba da zuwa aiki cikin ƙanƙara, domin na ji kunyar a ce Rahmatilla ya yi gaskiya. Bakin tsagar ya ci mini nama, dungulmin ya kumbura ya fara ruwa, likitan unguwa ya hana ni saka ta kwata-kwata. Usta ya riƙe mini kujerata har ƙarshen Janairu, yana aiko mini da gurasa kowace safiya, amma kasuwa ba ta jiran mai jinya. Ya ɗauki wani, ya zo har gida ya faɗa mini yana kallon ƙasa. Ban ga laifinsa ba. Yanzu ba tsuntsu ba tarko: babu aikin, babu rukunin, babu ƙafar da zan taka in nemi wani aikin.

6. Na zo ofishinki a watan Disamba, na sake zuwa a Janairu, surukina ne ya kawo ni a motarsa. Duk zuwan sakatarenki ya ce kina taro, kuma maganar rukuni ta kwamiti ce, ba ta shafi sashenku ba. Na zauna a benci daidai ƙarƙashin hotona, masu shigowa suna kallon sama suna kallona. Wata tsohuwa ma ta ce mini in yi koyi da wancan bawan Allah da ke bango, in daina zaman jiran gwamnati. Ranki ya daɗe, an sha yi mini ba daidai ba a rayuwa na haƙura, amma ban taɓa jin an ci amanata irin ta wannan rana ba. Ba na zargin ki da mugun nufi. Ina dai cewa hoton ya shafi sashenku lokacin da ake yabo, kuma wanda ya ci ladan kuturu shi ke yi masa aski.

7. Ina kuma sanar da ke cewa ba ni kaɗai abin ya taɓa ba. Da ma'aikacinki ya zo unguwarmu makon jiya da guraben aiki a ɗakin ɗinki, babu naƙasasshe ko ɗaya da ya fito. Wata yarinya kurma da ta iya keken ɗinki sosai, mahaifinta ya ce gara ta zauna a ɗaki da a yi mata irin ta Tursunboy. Sunana ya zama abin tsorata mutane daga aiki, ni da na bi gida-gida ina cewa su fito.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon ki rubuta wa kwamitin likitoci abin da kika gani da idonki ranar 14 ga Yuni: wanda ya karɓi sandar, da wanda ya riƙe ɗamarar. Usta Mirjalol a shirye yake ya ba da shaida, amma an ce masa maganar mai gurasa ba ta ture hoton hukuma, taki ce za ta iya. Ina roƙon a mayar da ni rukuni na biyu, a mayar da sunana inda yake a layin ƙafa, ba a ƙarshe ba. Ina roƙon a sauke hoton daga ƙofarku, ko kuwa a kafa cikakkensa, da dattijon da ke durƙushe a baya. Har yanzu ina son aiki, kuma ran da na samu ƙafa zan koma ko da sharar gari ce.

Idan kika ga dama kika kira ni don jin bahasi, zan zo a ranar da kika sa, ko da goya ni za a yi. Sai dai ina neman afuwarki tun yanzu kan abu ɗaya, kada ki ɗauke shi rashin tarbiyya. Idan kika shigo ɗakin, ba zan miƙe ba.

Ki huta lafiya, ranki ya daɗe.

Naki mai biyayya,
Tursunboy Holmatov