Zuwa ga Dijatu, Ministar Ruwan Sama ta Mayo Bani

Zuwa ga aminiyata Dijatu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da iyalinki da dabbobinku, a duk inda takardar nan ta riske ki. Ban san garin da kike ba, shi ya sa na ce jikata ta sa ta inda jama'a ke karantawa, ko Allah zai sa wani ya kai miki labari.

Jiya ina shara na ji ana hira da ministan muhalli a rediyo. Ashe akwai shi, Dijatu! Yana ta bayani a kan hamada da ambaliya da saran itatuwa, wai shi ke magana da yawun ƙasa idan duniya ta taru a kan sauyin yanayi. Na ajiye tsintsiya na zauna. Ban san sa'ad da hankalina ya koma Mayo Bani ba, zamanin jihar Gongola, muna aji biyar.

Kin tuna ranar da Malam Bitrus ya ce kowa ya zaɓi ministan da zai zama a wasan ƙarshen zango? Maza suka wawashe tsaro da ayyuka. Ni na ɗauki lafiya, don uwata ungozoma ce. Ke kuwa kika miƙe da Hausarki mai ƙanshin Fulatanci kika ce, "Ni ministan ruwan sama ne." Aji ya fashe da dariya. Malam ya ce babu wannan kujera a gwamnati. Kika ce to a saka.

Da ba a saka ba, sai kika buɗe ofishinki a bakin mayo, wato rafin garinmu, gindin babban madacin nan. Wani faffaɗan dutse ne kujerarki. Mukan kwanta rigingine muna kallon gajimare yana tasowa daga duwatsun Kamaru, ke kina rabawa da yatsa: wannan na Gella ne, wancan a kai Lokuwa, ƙaramin a bar wa gonar baban Kwanye, wato babana. Dokarki ɗaya ce, ba mai taɓa madaci.

Sai shekarar fari ta zo. Gajimare ya riƙa zuwa yana wuce mu kamar bai san mu ba. Mayo ya koma yashi, mata na tono da ƙwarya har kafaɗa kafin su ga danshi. Dawar babana ta bushe tun ba ta fid da kai ba. Shanunku kuwa sai haƙarƙari.

Ranar da mahaifinki ya zo da gatari, kina zaune a kan dutsen. Ganyen madaci kaɗai ya rage kore a duk faɗin wurin. Ya tsaya yana dubanki, don ya san dokar. Na ɗauka za ki rungume itacen ki yi ta ihu. Kika daɗe kina kallon shanun, sannan kika ce, "Baffa, rassan ƙasa kawai. Ka bar masa kansa." Haka kuwa ya yi. Ke da kanki kika riƙa jan rassan zuwa bakin shanu, hawaye na zuba, ba ki share ba.

Abin da na so in tambayi mutumin rediyo ke nan: ko ya taɓa tsayawa tsakanin itace da saniya mai yunwa, mai gatarin kuma ubansa ne? Ban ce bai taɓa ba. Addu'a dai nake masa, don na ga nauyin aikin nan a wuyan ƙaramar yarinya.

Ganyen bai kai ku damina ba. Kuka ɗora kaya a kan jakuna, kuka nufi Kamaru. Na raka ki har inda hanya ta fara hawan dutse. Kika matse hannuna kika ce, "Kwanye, ki riƙe mini kujera, zan dawo."

Ina riƙe, Dija tawa. Na yi aure a Mubi, na haihu, na yi furfura. Duk sa'ad da na je ƙauye nakan share dutsen in ɗan zauna a inuwa. Na gwada nuna wa gajimare hanya, ba ya jin maganata. Gwiwoyina ma sun fara ƙin gangaren mayo. Ki zo ki karɓi abarki.

Allah ya sa kina raye. Ya ba ku damina mai albarka, ya shimfiɗa ciyawa a gaban shanunku, ya kuma haɗa fuskokinmu tun idanuna suna gani. Amin.

Taki har kullum,
Kwanye