Darar da Aka Binne a Ƙofar Gidana

Zuwa ga Mai Girma Injiniya, shugaban aikin gyaran lungunan cikin gari,

Assalamu alaikum. Yau Alhamis, na tashi da sauƙi, alhamdu lillahi. Gwiwar hagu ta kai ni masallaci ba gardama, ta dama kuwa sai da na lallashe ta. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka.

Ni ne Malam Habu, tsohon malamin firamare, a Kabara nake zaune. Mai ɗakina ta rasu shekara shida ke nan, 'ya'yana suna Legas, ranar Juma'a suke gaishe ni ta waya. Tun muna elementare aka koya mana cewa mai kuka ya fara da godiya, don haka:

1. Bana mun ga aiki. An rufe kwatar da ta daɗe tana kiwata mana sauro. An kafa fitila mai aiki da hasken rana. An liƙa wa gidana lamba. Shekara saba'in da takwas ina cikinsa ban taɓa ɓata ba, amma yanzu hankalina ya ƙara kwanciya. Sabuwar gadar sama ma an hau da ni a a-daidaita-sahu. Na rufe ido har muka sauka, amma direban ya ce tana da kyau.

2. Ga kukan. A gindin katangata akwai ƙasa, faɗinta bai kai sallaya ba. Nan muka haƙa gurabe talatin na dara, ni da Alhaji Inuwa, baduku a Kasuwar Kurmi. Kowace Alhamis bayan la'asar yake zuwa, tun kansa bai san furfura ba. Shi tsinke, ni tsakuwa. Wata Talata bayan ƙaramar salla na je asibiti karɓar maganin hawan jini, kafin in dawo an shimfiɗa bulon intalok har bakin zaure. Ban ga laifin ma'aikatanka ba, a takardarsu ba a zana dara ba.

3. Kada ka ce ban yi ƙoƙari ba. Na zana gurabe da gawayi a kan bulon, tsakuwa ta gangara, tsinke ya ƙi tsayuwa. Ɗana ya aiko da darar katako, Inuwa ya dube ta ya ce cin tuwo da cokali mai yatsu ke nan. Tsakar gida kuwa siminti ne. Sai muka gwada zama haka kawai. Muka gaisa, muka ambaci waɗanda suka riga mu, sai kowa ya koma duban takalminsa. Ashe shekara arba'in da muka yi tare ba mu iya hira ba, tsiya muka iya yi wa juna, ita kuwa sai da dara take fitowa.

4. Yanzu labari ya zo mini cewa Inuwa yana zuwa wani lungu a Goron Dutse da aikinka bai kai ba, yana bugawa da wani tsohon tela wanda ko jera uku bai iya ba. Da ni mai mugunta ne, da na roƙe ka ka kai musu bulo gobe da safe.

Ranka ya daɗe, roƙona kaɗan ne. A cire mini bulo goma sha biyu daga gindin katanga, inda ko babur ba ya bi. Zan jera su a zaure in lulluɓe da buhu, ranar da aka fito da ni a makara sai a mayar da su. Ba za ku daɗe kuna jira ba. Sauran lungunan kuma, kafin a shimfiɗa, a tambayi tsofaffin wurin abin da ke ƙasa. In kana da hali ka zo da kanka, zan bar ka ka ci wasan farko.

Allah Ya yi maka jagora, Ya raya zuri'a, Ya sa ka tsufa da wanda zai riƙa zuwar maka ranar Alhamis.

Wassalam.
Malam Habu, Kabara.

Ƙari: Jiya na aika wa Inuwa cewa zan rubuta maka, ya zo ya sa hannu. Na shimfiɗa tabarma tun la'asar, na raba goro biyu. Ga shi ana kiran magariba, bai zo ba. Alhamis ta huɗu ke nan.